Sauya kafasita a amfilifayar kunne mai bawul: amfani, ma'auni da haɗari

Amfilifayar kunne na'ura ce ƙarama da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifikar da ake ɗorawa a kunne. Wani nau'inta yana aiki da bawul, wato kwalbar gilashin nan da aka zuƙe wa iska, mai ja kamar garwashi idan an kunna, irin ta tsofaffin akwatunan rediyo. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro bawul a 1904, Lee De Forest na Amurka kuma ya fito da wanda aka gina ƙara sauti a kansa a 1906. Tiransista, wadda aka samar a 1947, ta ture bawul daga kasuwa, amma masu sha'awar sauti ba su rabu da shi ba. A cikin gyare-gyaren da sukan yi wa na'urar, akwai sauya kafasita, wanda kan ci kuɗi a banza idan an yi shi ba da ma'auni ba.

Aikin kafasita

Kafasita, wadda masu gyaran rediyo ke kira kondensa, rumbu ce ta ajiye lantarki na ɗan lokaci. Ana auna girmanta da maikirofarad, daga sunan Michael Faraday. Tana tare miƙaƙƙiyar wuta, wato DC, ta bar mai kai-komo, wato AC, ta wuce, sauti kuwa a cikin waya wuta ce mai kai-komo.

Wurare uku ta fi muhimmanci. Na farko sashen wuta, inda take tace lantarkin da ya fito daga soket. Na biyu tsakanin bawul da bawul, inda take miƙa sauti ta kuma hana babbar wutar na farko shiga na biyu. Na uku bakin fita, a na'urorin da ba su da taransifomar fita, inda ita kaɗai ce shinge tsakanin wutar bawul da lasifikar da ke kan kunnen mutum.

Lokacin da sauyi ke da amfani

Dalili na farko shi ne tsufa. Manyan kafasita na sashen wuta suna ɗauke da ruwan sinadari wanda ke bushewa a hankali. Kamfanoni kan ƙayyade rayuwarsu, misali sa'o'i 2,000 a zafin digiri 85 ko 105, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage wannan rayuwa da rabi. Bawul da kansa murhu ne, ga kuma zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Maiduguri. Don haka mai lambar 105 ta fi dacewa da mu. Alamun lalacewa su ne kumburin kai, tsiyayar ruwa, da gurnani marar yankewa a lasifika. Tsofaffi masu takarda da mai kuwa sukan fara yoyon wuta, bawul na gaba ya ɗauki zafi har farantinsa ya yi ja.

Dalili na biyu shi ne ƙanƙanta. Kafasitar fita da lasifika suna haɗuwa su zama matata mai rage kaurin sauti. Da kafasita mai maikirofarad 100 da lasifika mai om 300, irin Sennheiser HD 600, raguwar tana kama wajen girgiza 5 a daƙiƙa, ƙasa da 20 da kunnen ɗan Adam ke fara ji. Idan aka jona mai om 32, lissafin lasifikar kaɗai yana kai iyakar kusan 50, sai amon ganga ya rame. A nan ƙara girma yana kawo bambancin da ake ji, ake kuma aunawa.

Dalili na uku shi ne nau'i. Kafasita mai leda ta polypropylene ba ta bushewa, kuma ba ta gurɓata sauti kamar mai ruwan sinadari. Sai dai tana da tsada, tana da jiki, kuma sau da yawa ba ta shiga akwati. Bambancin da ke tsakanin lafiyayyun kafasita biyu masu nau'i ɗaya da girma ɗaya kuwa ƙarami ne ƙwarai, komai nisan farashinsu. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi ribatuwa da sayen lasifika mai kyau.

Ƙa'idojin zaɓe

Ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin sabuwa ya zama daidai da na tsohuwa ko sama da shi, ba ƙasa ba. A kula da ƙafar ƙari da ta ragi, domin mai ruwan sinadari da aka juya takan fashe. Kada a ƙara girman kafasitar farko a sashen wuta yadda aka ga dama, saboda bawul mai daidaita wuta yana da iyaka. GZ34, alal misali, bai yarda da fiye da maikirofarad 60 ba. A sauya ɓangaren hagu da na dama tare. Nichicon da Panasonic da Rubycon na Japan, da WIMA na Jamus, sanannu ne, amma ana buga sunayensu a jikin jabu, don haka a auna kaya da mita kafin a liƙa. A kuma tuna wutar Najeriya volt 230 ce, na'urar da aka ƙera don volt 120 na Amurka tana buƙatar taransifomar rage wuta.

Haɗarin rai

Amfilifaya mai bawul tana aiki da volt 150 zuwa 300, wani lokaci fiye, kuma kafasita tana riƙe wannan wuta bayan an zare soket. Tana iya kisa. Gwanaye sukan sauke wutar ta hanyar resista, su tabbatar da mita cewa ta kusa sifili, sannan su taɓa, kuma hannu ɗaya suke sawa a ciki. Haɗa ƙafafuwan da sukudireba ganganci ne. Bayan gyara, a auna bakin fita a tabbatar babu miƙaƙƙiyar wuta, a fara gwadawa da lasifika mai araha.

Wanda bai saba da irin wannan wuta ba ya kai wa ƙwararren mai gyara, ya kuma nemi a nuna masa ma'aunin tsohuwar kafasita kafin ya biya kuɗin sabuwa.