Izinin gini a bakin rafi da fadama a Keffi

Izinin gini a bakin rafi da fadama shi ne amincewar da hukuma ke bayarwa kafin a kafa gidaje inda ruwa ke bi ko yake kwanciya. A Keffi, jihar Nasarawa, batun ya fi shafar gaɓar kogin Antau, wanda ya ratsa garin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, sai dai takardar mallaka ba izinin gini ba ce; Hukumar Raya Birane ta jihar ce ke duba zanen gida ta amince. Dokar tarayya ta 1992 ta wajabta binciken illa ga muhalli kan rukunin gidajen da ya kai hekta 50, hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, kuma tana da ƙa'idojin 2009 na kare fadamu da gaɓar koguna.

Giɓin da ke cikin waɗannan dokoki yana wurin ƙananan fuloti. Kusanci da Abuja da kasancewar jami'ar jiha a garin sun sa fili tsada, sai a cike fadama da jar ƙasa, a ɗora bulo. Da damina ruwan da aka tare wa hanya yakan faɗa gidajen maƙwabta na gangare.