Silba: Sunan Azurfa a Jikin Baƙin Ƙarfe

Idan mai sayar da agogo ya ce maka sarƙar nan silba ce, bai yi ƙarya ba, amma kada ka ɗauka azurfa ka saya. Kalmar daga Turanci ta shigo, wato silver, kuma can azurfa take nufi. Da ta iso bakin Bahaushe sai ta tarar azurfa, wadda muka aro daga Abzinawa tun da daɗewa, ta riga ta kama gurbin. Shi ya sa ta koma kan duk ƙarfe fari mai sheƙi: kwanon silba, cokalin silba, agogon silba.

Ƙarfen da ake yin sarƙar agogo da shi, Harry Brearley ne ya haɗa irinsa a Sheffield ta Ingila a 1913. Baƙin ƙarfe ne aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke hana shi tsatsa. Yawancin masu ƙera agogo nau'in 316L suke amfani da shi, Rolex kuwa 904L.

Wannan rashin tsatsa ya sa mutane sakaci, wai silba ba ta lalacewa. Tana yi. Zufa da ƙura kan taru tsakanin gaɓoɓin sarƙar, su riƙa cin ƙusoshin a hankali har ta saki tana lilo a wuyan hannu. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu sun isa wajen wanke ta, muddin aka tsane ta sosai kafin a ɗaura.