Kusiri: Filin Daga Da Ya Haifi Birni Da Iyaka

A inda kogin Logon ya haɗu da kogin Shari, garuruwa biyu suna fuskantar juna: Kusiri a ƙasar Kamaru, Njamena a ƙasar Cadi. Mu da ke ƙetare gadar Ngeli safe da yamma don neman abinci, ba kasafai muke tuna cewa yaƙin rana ɗaya ne ya shata wannan zama ba.

Ranar 22 ga Afrilu, 1900, sojojin Faransa suka auka wa sansanin Rabe a bayan garin Kusiri. Rabe ya fito ne daga Sudan, ya ci Barno da yaƙi a 1893, ya rusa Kukawa, ya mai da Dikwa hedkwatarsa. Runduna uku suka taru a kansa. Ta Lami ta keto Sahara daga Aljeriya, ta biyo ta Agadas da Damagaram. Ta Jowalan ta ratso ƙasar Hausa daga yamma. Ta Janti kuwa ta taso daga Kwango ta bi kogin Shari. Kafin rana ta faɗi an kashe Rabe an sare kansa, shi ma Lami raunin da ya samu ya yi ajalinsa. Ɗan Rabe, Fadlallah, ya ci gaba da gwagwarmaya har aka kashe shi a Gujba a 1901.

Alamar farko da yaƙin ya bari ita ce birnin Njamena kansa. A watan Mayu na shekarar Janti ya kafa barikin soja a gaɓar da ke kallon Kusiri, ya raɗa masa suna Fort-Lamy. Dalili kuwa, yarjejeniyar Turawa ta 1894 ta riga ta ba Jamus gaɓar da aka yi yaƙin, don haka wanda ya ci nasara bai iya zama inda ya ci ta ba. Da Faransa ta ƙwace Kusiri daga Jamusawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ma aka laƙaba mata Fort-Foureau. Daga baya Kusiri ta karɓi sunanta, Fort-Lamy ta koma Njamena a 1973. Sunayen baƙi sun gushe, amma iyakar da suka ja tana nan daram.

Sai dai akwai waɗanda littattafan yaƙi ke tsallakewa, wato masu ƙasar. Kotoko, waɗanda ke danganta kansu da mutanen Sao, su suka gina Kusiri da Logon-Birni da Gulfe, garuruwa masu ganuwa da sarauta tun kafin Rabe da Bature. Fadar Sarkin Kusiri shaida ce. Haka ma ƙauyen Gawi kusa da Njamena, inda mata ke ginin tukwane suna ƙawata bango da zane, aka kuma mai da tsohuwar fada gidan tarihi. Kusa da su akwai Larabawan Shuwa da shanunsu, da Musgum masunta da manoma, da Barebari.

Mu fa? Hanya ce ta kawo kakanninmu: fatake da goro da turmin atamfa, malamai da allunansu, da alhazan ƙasa da suka nufi Makka ta Abeshe da Sudan, wasu guzuri ya ƙare suka yada zango, zango ya zama gida. Tarihin Rabe ma ya taɓa mu, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya auri 'yarsa, daga bisani ya mutu a hannun Fadlallah.

Wannan gaɓa ba ta daina ganin tashin hankali ba. A Fabrairun 2008 dubban mutanen Njamena suka tsallako Kusiri gudun yaƙi. A Disambar 2021 rikicin makiyaya da masunta kan ruwa ya juya akalar gudun, mutanen Kamaru suka nemi mafaka a Cadi. Kowace gaɓa ta taɓa zama mai masaukin ɗaya.

Don haka idan za mu ba 'ya'yanmu labarin Kusiri, kada mu tsaya kan Rabe da Lami kaɗai. Mu gaya musu wa ya gina ganuwar, wa ya ba kakanninsu fili. Baƙon da ya san tarihin mai masaukinsa shi ke iya zaman lafiya da shi.