Ɗan Fashi da Hukuma: Daga Ribaɗin Tambuwal Zuwa Yau

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a ƙasar Kebbe ko ta Tambuwal, magana guda ake ji a bakin jama'a: a tsananta doka, wanda ya saba zubar da jini kada a sake shi. Wannan kira ya daɗe, kuma ya kamata marubuci ya san tarihinsa kafin ya ɗauki alƙalami.

Bayan jihadin 1804, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal, garin ya zama ribaɗi mai tsaron kudancin Sakkwato. Alƙalan wancan zamani da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, wanda ya yi wa mai maimaita laifi tanadi daki-daki. Ɓarawon da laifinsa ya tabbata, a karon farko hannun dama ake yankewa, a na biyu ƙafar hagu, haka har karo na huɗu, daga nan sai ɗauri. Shi kuwa mai tare hanya, wato muharibi, idan ya yi kisa to kashe shi ake yi. Amma fa sharuɗɗan ma masu tsauri ne, domin sai da shaidu adalai ko iƙirarin mai laifin, kuma shubuha tana tunkuɗe haddi.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai suka bar kotunan alƙalai suka hana yanke gaɓa, gidan yari ya maye gurbinsa. A 1960 dokar Final Kod ta fara aiki a Jihar Arewa. Bayan yaƙin basasa makamai suka yawaita a hannun mutane, sai gwamnatin Janar Gowon ta kafa dokar soja a 1970 wadda ta ce a harbe ɗan fashi da makami. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas, a gaban dubban 'yan kallo. Gwamnatin Janar Buhari ta sabunta dokar a 1984, aka kuma harbe Lawrence Anini a 1987. Duk da haka fashi bai ƙare ba.

A shekara ta 2000 Zamfara ta dawo da haddi, Sakkwato ta bi sahu a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Sai ga shi a dazuzzukan Zamfarar nan aka samu satar shanu ta rikiɗe ta koma garkuwa da mutane, wutar ta tsallako har Kebbe mai iyaka da Gummi. A 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda.

To, mai karatu, me wannan jerin ke nuna mana? Kusan kowace gwamnati ta ƙara wa hukunci kaifi, har an kai ga kisa, wanda babu abin da ke sama da shi. Ashe matsalar tana wurin kamu da tabbatar da laifi. Ɗan fashin da ya san ba za a kama shi ba, tsananin da ke rubuce a takarda bai dame shi ba. Manomin da zai ba da shaida yau ya kwana a ƙauyen da babu ɗan sanda, ina zai samu ƙarfin halin buɗe baki? Mutanen da sun fahimci haka, shi ya sa suka kafa ribaɗi, suka zaunar da hukuma a bakin daji.

Mu marubuta mun saba kama mugu a babin ƙarshe, alƙali ya ɗaure shi, littafi ya ƙare. Lokaci ya yi da za mu rubuta labarin shaidan da ya ji tsoro, da fayil ɗin da ya ɓace, da wanda aka sako ya koma daji. Nan ne rayukan mutanenmu ke salwanta. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.