Ƴan Damben Zamani da Gadon Mazan Jiya: Nazari daga Ƙasar Kurfai

Ra'ayin da ya zauna a bakin dattawan ƴan kallo shi ne cewa dambe ya tafi tare da zamanin Shago da Ɗandunawa, waɗanda mawaƙi Ɗan Anace ya wasa, kuma abin da ya rage yau neman kuɗi ne a gaban kyamara. Wannan maƙala tana ja da wannan ra'ayi, tana kuma hangen lamarin daga ƙasar Kurfai da Tondikandiya, wato Filinge da Damana a kwarin Dallol Bosso, inda kokowa ke riƙe da girma tun da aka soma gasar Takobi a Tawa a 1975, amma inda samari ke kallon manyan gidajen damben Nijeriya a wayoyinsu. Jihar Tillaberi, inda waɗannan yankuna suke, ba baƙuwar naushi ba ce, domin ita ta haifi Issaka Dabore, wanda tagullar da ya ci a damben Turawa a Munich a 1972 ta zama lambar Olamfik ta farko ga Nijar.

Edward Powe, a littafinsa na 1994 kan wasannin faɗa na arewacin Nijeriya, ya bayyana ƙa'idoji da kayan wasan, kuma bayaninsa yana da amfani har yau. Matsalar tana wajen masu auna ingancin dambe da alamomin waje kaɗai, waɗanda suke cewa tun da wasan ya fita daga hannun mahauta, ya bar dandalin ƙauye na lokacin kaka ya koma gidajen da ake shiga da tikiti, to ya rasa ransa. Wannan awo gurgu ne, domin fawa ƙofar shiga ce kawai, kuma mawaƙan dā ba sana'ar ɗan dambe suke yabo ba, rashin gudunsa suke yabo.

An kwatanta halayen da waƙoƙin dambe na dā suka ɗaukaka da abin da ake gani a hotunan bidiyo da rahotannin gidajen damben Kano da Abuja.

Babban abin da kwatancin ya nuna shi ne cewa gadon mazan jiya yana raye a cikin yawan sa zare, wato yawan shiga fili. A damben kasuwa, wanda shi ne na yau da kullum da ba a ɗora masa kofi ko mota ba, ɗan wasa yakan zauna a naɗe masa hannu guda da ƙyalle, a bi da zare har ya yi tauri, wannan hannu shi ne mashi, ɗayan da aka bari a buɗe kuma garkuwa. Sai kalangu ya kira takensa, ya fito ya yi kirari, ya miƙa wa wanda yake so hannu a gaban jama'a. Wanda aka nema yana iya ƙi, amma ƴan kallo ba sa mantawa, kuma ɓangarensa, Arewa ne ko Kudu ko Guramada, shi ke kwasar kunyar. Ana yin turmi uku, wato zagaye uku, kisa kuma shi ne a kai abokin karawa ƙasa. In babu kisa a raba su, gobe ko jibi su sake haɗuwa. Da yake abincin ɗan dambe yana fitowa ne daga kason kuɗin ƙofa da kyautar masoya, wanda ya ɓoye kansa don tsare suna yunwa ce za ta fito da shi, shi ya sa ƴan wasa irin su Ebola da Bahagon Sanin Kurna da Ali Ƙanin Bello suka yi suna ta hanyar maimaita karawa a wurare kamar gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, har da damben safiyar Lahadi. A damben Turawa kuwa, Sugar Ray Robinson ya kara kusan sau 200 tsakanin 1940 da 1965, alhali manyan zakarun yau da ƙyar suke fitowa sau biyu a shekara, suna tattalin tarihin rashin faɗuwa. A dambe faɗuwa ba ta kashe suna, kuma yawon gari-gari da ƴan wasa ke yi bayan girbi bai bambanta da cin ranin da samarin Kurfai suka saba ba.

Dole a yarda cewa bidiyo yana fifita birni a kan ƙauye, yana kuma nuna kisa ya ɓoye jinya, ga karayar hannu da bugun kai da ke biyo bayan yawan karawa. Haka kuma tun da tashar Dambe Warriors ta bayyana a YouTube a 2017 aka soma shigo da awon nauyi da ƙayyade lokaci a wasu gasanni, abin da kan iya sauya lissafin nan gaba.

Duk da haka hukuncin bai canza ba: masu shirya wasa su kawo likita bakin fili, su kuma bar damben kasuwa yadda yake.