Waƙoƙin Duniya: Ko Ya Dace Mai Bi Ya Saurare Su?

Abin da ake nufi da waƙar duniya

A bakin masu bi, "waƙar duniya" ita ce duk waƙar da ba a shirya ta domin sujada ko koyar da Maganar Allah ba. Wannan suna ya haɗa abubuwa da yawa waɗanda ba irinsu ɗaya ba. Waƙar da uwa ke yi tana reno, da waƙar daka, da gangar noma a ranar gayya, da taken ƙasa da yara ke rerawa a makaranta, duk suna ciki. Haka kuma waƙoƙin fina-finan Hausa, da na siyasa, da na gidan giya, da kiɗan bori. Saboda haka amsar "i" ko "a'a" kaɗai ba ta isa ba. Littafi Mai Tsarki bai raba waƙa gida biyu, ta coci da ta waje, ya halatta ɗaya ya haramta ɗaya ba. Abin da yake aunawa shi ne abin da waƙar ke faɗi, wanda take ɗaukakawa, da inda take kai zuciyar mai ji.

Tambayar ta fi matsa wa ikkilisiyoyinmu a yau fiye da dā. A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kamar sauran garuruwan Arewa, matashi ba ya bukatar zuwa dandali kafin ya ji kiɗa. A ranar kasuwa zai ba mai tura waƙa wayarsa, a cika masa ita da ɗaruruwan waƙoƙi, ya koma gida da su a aljihu. Abin da dā iyaye ke ji daga nesa su hana, yanzu yana shiga kunnen yaro ba wanda ya ji.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Kiɗa baiwa ce daga Allah ga 'yan Adam duka. Farawa 4:21 ta ambaci Yubal a matsayin kakan makaɗa da mabusa, shi kuwa daga zuriyar Kayinu ya fito. Cikin Littafi Mai Tsarki kansa akwai waƙoƙin da ba na sujada ba ne. Makokin da Dawuda ya yi wa Saul da Jonatan (2 Sama'ila 1:17-27) bai ambaci sunan Allah ba, yabon jarumtaka ne da abota. Waƙar Waƙoƙi tana magana a kan ƙauna tsakanin namiji da mace. A misalin ɗan da ya ɓata, Yesu ya nuna gidan uban cike da kiɗa da rawa domin murnar dawowar yaron (Luka 15:25). Manzo Bulus ma ya san waƙoƙin Helenawa har ya kafa hujja da su a Atina (Ayyukan Manzanni 17:28).

Amma Littafin ya nuna ɗaya gefen. Da Musa ya sauko daga dutse, waƙa da rawa ya tarar a gaban ɗan maraƙin zinariya (Fitowa 32:17-19). Nebukadnezzar ya sa sautin kiɗa ya zama alamar a rusuna wa gunki (Daniyel 3). Ishaya 5:11-12 da Amos 6:4-6 sun tsauta wa masu shagali da kiɗa da ruwan inabi, waɗanda ba su damu da aikin Ubangiji ko wahalar jama'a ba. A bikin ranar haihuwar Hirudus, rawa ce ta jawo rantsuwar da ta ci ran Yahaya Maibaftisma (Markus 6:21-28).

Abin lura shi ne, ba kayan kiɗan aka hukunta ba. Fassarar Hausa ta kira abin da Dawuda ya kaɗa wa Saul "garaya" (1 Sama'ila 16:23), garaya kuwa a ƙasar Hausa ita ce ake kaɗa wa 'yan bori. Itace da fata da tsirkiya ba su da zunubi. Hannun da ya kaɗa da dalilin kaɗawar su ne abin dubawa.

Yadda ikkilisiya ta bi da batun

Bayin Allah na ƙwarai sun sha bamban a kan kiɗa tun dā. Agustin na Hippo, a Afirka ta Arewa, ya yarda cewa waƙa tana tada zuciya zuwa ibada, amma yana tsoron kada daɗin murya ya rinjayi ma'anar kalmomi. A ƙarni na 16, Martin Luther ya ɗauki kiɗa a matsayin babbar kyautar Allah, ya kuma rubuta waƙoƙi da harshen jama'a. John Calvin a Geneva kuwa ya tsaya a kan rera Zabura ba tare da kayan kiɗa ba.

A Arewa, mishan na SIM, wanda ya fara zuwa ƙasar nan a 1893, wanda kuma ECWA ta fito daga aikinsa a 1954, ya yi aiki har a Roni. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, da muryoyinsu na Turai. Masu bi na farko da yawa sun yi nesa da ganga, musamman waɗanda suka fito daga gidajen Maguzawa, domin a wurinsu wasu kiɗe-kiɗen suna tafe da tsafi, da bori, da shan giya. Daga baya Zumuntar Mata da ƙungiyoyin Sabon Rai suka shigo da ganga, da tulu, da kacau-kacau cikin sujada, da muryoyi irin na gida. Abin da kakanni suka ji tsoro ya zama kayan yabon Allah. Tsoron nasu yana da dalili, sai dai tarihin ya koya mana cewa haramta salo ko kayan kiɗa gaba ɗaya ba ya ɗorewa.

Ire-iren waƙoƙin da muke ji

Waƙoƙin aiki da na hikima. Gangar noma, waƙar niƙa, da waƙoƙin da ke yabon sana'a ko jan kunne ga masu aure, ba su da laifi in kalmominsu tsabtatattu ne. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa, ya shahara da waƙa a kan talakawa da ƙananan ma'aikata, mai bi kuwa zai iya ƙaruwa da irin wannan.

Waƙoƙin yabo da zambo. Roƙo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Yabon mutum domin alherin da ya yi ba zunubi ba ne. Haɗarin yana wurin da ake kai ɗan Adam matsayin da ba nasa ba, kamar yadda jama'a suka yi wa Hirudus Agaribas (Ayyukan Manzanni 12:21-23), ko inda ake ɗaga wani domin a ƙasƙantar da wani. Waƙar matan Isra'ila ce ta shuka kishin Dawuda a zuciyar Saul (1 Sama'ila 18:6-9). Waƙoƙin siyasa na lokacin zaɓe sukan faɗa nan. Wanda ya haddace zagin abokin hamayya da aibata halittarsa, ya tuna Yakubu 3:9-10, wadda ta hana baki ɗaya ya yabi Allah ya kuma la'anci mutum.

Waƙoƙin soyayya. Ƙauna ba ƙazanta ba ce. Akwai waƙar da ke girmama alkawari da aure, akwai kuma wadda ke siffanta jiki domin tada sha'awa, ko ta mai da cin amana abin dariya. Afisawa 5:3-4 ta hana batsa da maganar banza a tsakanin tsarkaka. Sanya musu kiɗa mai daɗi bai canja su ba.

Kiɗan bori da na tsafi. Wannan ba shi da wurin zama a rayuwar mai bi. An shirya shi ne domin kiran iskoki da kirarinsu. Bulus ya ce ba a haɗa teburin Ubangiji da na aljanu (1 Korantiyawa 10:20-21).

Tambayoyin gwaji

Filibiyawa 4:8 ta ba mu ma'auni: gaskiya, mutunci, adalci, tsarki, abin ƙauna, abin yabo. Bulus bai ce sai a coci ake samun waɗannan ba. Kafin ka ajiye waƙa a wayarka, ka tambayi kanka:

1. In aka cire kiɗan, zan iya karanta kalmomin a gaban mahaifiyata ko dattijon ikkilisiya?
2. Wa take ɗaukakawa, wa kuma take wulaƙantawa?
3. Bayan na ji ta, ina tunanina yake tafiya?
4. Zan iya barin ta na wata guda? Abu yana iya zama halal amma ya mallaki mutum (1 Korantiyawa 6:12).
5. Ta cinye lokacin addu'a da karatun Maganar Allah?

Wannan gwaji ya shafi waƙoƙin bishara ma. Ambaton sunan Yesu bai sa waƙa ta zama gaskiya ba. Akwai waɗanda ke alkawarta dukiya da Allah bai alkawarta ba, ko suna roƙon mutuwar maƙiya, alhali Ubangiji ya umarta a yi musu addu'a (Matiyu 5:44).

Lamiri, ɗan'uwa, da maƙwabci

Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 sun koyar da yadda za a zauna lafiya a kan abin da ba a ba da doka kai tsaye ba. Dattijuwar da ta bar bori ta bi Almasihu tana iya jin garaya jikinta ya yi sanyi, jikanta kuwa bai ji komai ba sai kiɗa. Kada jikan ya rena ta, ya kunna a gabanta. Ita ma kada ta yanke masa hukunci cewa ya fāɗi. Wanda waƙa ke tuna masa da gidan giya, ya bar ta, ko da wasu suna ji.

Akwai kuma shaida. A wannan yanki masu bi kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta da dangi Musulmi, waɗanda da yawansu suna da tsantseni a kan kiɗa. Abin da ke fita daga lasifika a bikin Kirista, shi mutanen gari za su ɗauka a matsayin halin masu bi. Ya kamata ango da iyaye su zauna da mai kiɗa tun kafin ranar, su zaɓi abin da za a sa. In kuma an gayyace ka bikin dangi, ka je ka taya murna. In abin ya juya zuwa batsa, ka yi sallama cikin ladabi ka tashi.

Ga iyaye da shugabanni

Dokar "kada ka ji" ba tare da dalili ba takan koya wa yaro ɓoyo ne kawai. Ya fi kyau uba ko shugaban matasa ya ce a kunna waƙar a ji tare, a tattauna kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ikkilisiya kuma ta ƙarfafa masu baiwa su rubuta waƙoƙi masu kyau da Hausa, na sujada da na aure, da na noma da zaman tare. Kolosiyawa 3:16 ta ɗora waƙar mai bi a kan Maganar Almasihu da ta zauna a zuciya a yalwace. Zuciyar da ta ƙoshi da wannan ba ta wahalar gane waƙar da za ta ajiye da wadda za ta goge.