Ƙanshi, Sha'awa da Hayaƙin Taba: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Yadda hanci ke shafar sha'awa

A cikin hancinka akwai nau'ikan ƙwayoyin jin ƙanshi kusan 400. Saƙon da suke ɗauka yana isa kai tsaye zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsin rai da tuna abubuwa. Shi ya sa ƙanshin humra ko turaren wuta kan tuna maka da wani mutum nan take, har ya motsa maka sha'awa.

Jiki ma yana da nasa warin. Daga lokacin balaga, gumin hamata da na matsematsi yakan sauya, ƙwayoyin bakteriya na fata kuma su ba shi warin da ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A 1995, Claus Wedekind ya yi bincike a ƙasar Suwizalan, inda mata suka sansana rigunan da maza suka kwana da su. Yawancinsu sun fi son warin mazan da ƙwayoyin halittar garkuwar jikinsu suka bambanta da nasu. Binciken da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba. Haka kuma har yau ba a tabbatar da wani sinadari da ke jawo sha'awar ɗan Adam dole ba, don haka kada ka ɓata kuɗinka a kan turaren da ake tallatawa da wannan alkawari.

Idan sha'awa ta ɗamfaru da taba

Akwai mutanen da warin taba sigari, ko ganin wani yana busa hayaƙi, shi ke tayar musu da sha'awa. Galibi maza ne, kuma abin yakan faro tun ƙuruciya, lokacin da ƙwaƙwalwa ta haɗa wani wari ko yanayi da sha'awar farko. Wannan ba hauka ba ne. Likitoci suna ɗaukar sa a matsayin matsala idan ya jima yana damun mai shi, ko yana dagula zaman aure, ko yana cutar da wani.

Ina haɗarin yake?

Haɗarin yana cikin hayaƙin. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu suna haddasa cutar daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, ciki har da fiye da miliyan 1 waɗanda ba sa sha, shaƙar hayaƙin wasu kawai suke yi. Shisha ma ba ta kuɓuta daga wannan ba.

Taba tana kuma lalata abin da ake nema da ita. Nikotin yana matse jijiyoyin jini, wanda kan kawo raunin mazakuta. Tana rage ingancin maniyyi, tana dusashe jin ƙanshi. Ga mai juna biyu kuwa, hayaƙin kan sa a haifi jariri marar nauyi ko bakwaini.

Yaushe za ka ga likita?

- Idan sha'awarka ba ta motsawa sai da taba ko warinta.
- Idan kana matsa wa matarka ta sha taba, ko ta zauna cikin hayaƙi.
- Idan ƙarfin gabanka ya ragu, ko jin ƙanshinka ya dusashe.
- Idan kunya da damuwa sun hana ka sukuni.

Likita zai riƙe sirrinka. Zai iya taimaka maka ka bar taba, ya kuma tura ka wurin masanin halayyar ɗan Adam, wanda zai koya maka raba sha'awa da hayaƙi sannu a hankali.

Idan ke ce matarsa, ba dole ba ne ki sha abin da zai cutar da ke don ki faranta masa. Ki nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki yi masa magana ba tare da gori ba, ki kuma ba shi shawarar ku je asibiti tare.